Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

 Labarin da zan ba ku ya faru ne a shagon kawuna, kuma da hannuna a ciki. Na daɗe ina jin nauyin faɗinsa, amma Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Namu gemun ya riga ya babbake, shi ya sa na ɗauki alƙalami don ku shafa wa naku ruwa tun da wuri.

Kawuna ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari cikin birnin Kano, yana sayar da atamfa da shadda da leshi. Shagon ba wani babba ba ne, daga shi sai yara biyu, sai ni idan an yi hutu. Duk wanda ya san Kwari ya san yadda take a watan azumi. Masu sari sukan zo daga Katsina da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram, har daga Chadi da Kamaru, kowa yana sauri ya kai kaya gida kafin teloli su daina karɓar ɗinki. Cinikin da ake yi a wannan wata shi yake riƙe shago har wata shekara.

Saboda haka Kawu bai taɓa wasa da watan Sha'aban ba. Kowace shekara kafin a ga watan azumi yakan kira mai walda ya duba ƙofar shago, ya ɗiga wa kwaɗuna mai, ya sake wanda ya sassauta. Yakan sa a duba wayoyin lantarki don gudun gobara, ya biya kuɗin masu gadi. Kwaɗo uku ne a ƙofar, kuma idan ya rufe da yamma sai ya ja kowannensu ya ji ya kama, sannan ya juya. Ban taɓa jin an fasa masa shago ba.

A da, Kawu ba ya yarda da kuɗin da bai ƙirga da yatsunsa ba. Sai ga shekarar 2023 ta zo da canjin kuɗi. Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka koma banki, sababbin kuwa suka yi wuyar gani. Mai saye yana zuwa da niyya amma babu tsaba a aljihunsa. Dole Kawu ya karɓi na'urar POS, ya sa manhajar banki a wayarsa, aka kuma buɗe wa shagon zaure a WhatsApp inda ake tura wa abokan ciniki hotunan sababbin kaya. Cikin 'yan makonni kusan duk cinikin shagon ya koma cikin waya. Ashe mun yi wa shago ƙofa ta biyu, muka bar ta babu ko sakata.

An fara azumin shekarar ranar 23 ga Maris. A goman tsakiya wani mutum ya zo bayan la'asar, sanye da babbar riga mai aiki, ya zaɓi shadda ta naira 180,000. Shago ya cika maƙil, kowa yana kiran Alhaji. Mutumin ya danna wayarsa ya nuna wa Kawu rasit, can kuma sai ga saƙo ya shigo wayar Kawu mai kama da na banki sak. Aka ɗaure masa kaya, har da yi masa addu'ar Allah ya kai lafiya. Da dare bayan asham Kawu ya buɗe asusunsa, ko kwabo bai shiga ba. A nan muka fara sanin cewa hoton rasit da saƙon waya abubuwa ne da ɗan damfara yake iya ƙirƙira da hannunsa. Kawu ya yi salati, ya ce Allah ya mayar da alheri, muka ci gaba da ciniki ba tare da mun gyara komai ba.

Babbar masifar sai ranar jajibiri, Alhamis 20 ga Afrilu. Kawu ya tafi masallaci sallar la'asar ya bar mini wayarsa tana caji. Sai aka kira. Wani mutum ne mai murya irin ta dattawa, ya yi sallama, ya kira sunan Kawu da sunan layin da shagonmu yake. Na ce masa ba ya nan, ni ɗansa ne. Ya ce, "Madalla, yaro. Daga ƙungiyar 'yan layi ne. Za a yi taro ta waya yau da dare a kan gadin kwanakin Salla, an turo wa kowa lambar shiga. Duba wayar, karanto mini don in rubuta sunan Alhaji, yanzu za mu rufe rajista." Na duba, ga saƙo ya shigo da lambobi shida. A ƙasan lambobin an rubuta da Turanci cewa kada a ba kowa. Na gani da idona, amma ga mace biyu suna jiran canji, ga dattijo yana cewa in yi sauri. Na karanta masa. Ya sa mini albarka ya kashe.

Bari in bayyana muku abin da na aikata, don sai daga baya ni ma na gane. Ɓarawon ya sa WhatsApp ne a tasa wayar, ya rubuta lambar layin Kawu. Kamfanin kuwa ba ya buɗe wa kowa sai ya turo lambobi shida zuwa layin, don ya tabbatar mai layin ne da kansa. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin, ni kuma na miƙa shi. Nan take WhatsApp ya fita daga wayar Kawu ya koma ta ɓarawo, tare da duk zaurukan da Kawu yake ciki. Da yamma Kawu ya ga abin ya ƙi buɗuwa, ya ɗauka cunkoson layi ne irin na daren Salla. Ya rufe shago, ya ja kwaɗunansa uku, muka tafi gida.

A daren nan ɓarawon ya shiga zauren abokan ciniki da sunan Kawu. Ya rubuta cewa Alhaji zai karya farashin ragowar atamfa saboda Salla, wanda ya biya kafin gari ya waye shi zai samu, a karɓi kaya idan an buɗe kasuwa. Ya ce asusun da aka saba yana da matsala, ya ba da wani. Kun san watan Shawwal watan bukukuwan aure ne, mata masu sayar da kaya a gida suna neman atamfar anko. Mata shida suka tura kuɗi a daren, jimilla naira 420,000.

Muna dawowa daga idi ranar Juma'a, wata Hajiya da ta daɗe tana sari a wurinmu ta kira Kawu ta yi masa barka da Salla, ta ce ya ajiye mata turmi goma da ta biya jiya. Kawu ya ce, "Hajiya, wane turmi goma?" Ina tsaye kusa da shi da sabuwar shaddata, na ji gumi ya karyo mini. Kafin ta gama bayani na faɗa masa abin da na yi. Bai daka mini tsawa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Kai da kake zuwa makaranta?" Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Yayana ya karɓi wayar ya sake neman lambobi shida ya shigar, wannan ya kori ɓarawon daga ciki. Amma mugun ya riga ya sa wata lambar sirri tasa a kai, sai da muka jira kwana bakwai kafin muka shiga. Ranar Salla cur muka yi ta kiran mutane ɗaya bayan ɗaya muna cewa kada su tura komai. Bankuna kuwa a rufe suke, domin gwamnati ta ba da hutu Juma'a da Litinin, ga Asabar da Lahadi a tsakani. Ranar Talata Kawu ya raka biyu daga cikin matan suka kai ƙorafi, amma kuɗin sun daɗe da barin asusun da aka tura su. Da aka buɗe kasuwa Kawu ya kira matan shida ya ba kowace kayanta cif. Wani maƙwabcinsa ya ce ai ba shi ya ci kuɗin ba. Kawu ya ce, "Sunana suka gani suka biya. In na hana su, gobe sunan nawa me zai saya?" Ribar rabin azumi ta tafi a haka.

Da muka koma makaranta na ba malaminmu na kwamfuta labarin, ina cewa rashin sa'a ce ta sa abin ya faɗo ranar jajibiri. Malam ya ce ba sa'a ba ce, ɓarawo ya zaɓi ranar ne da gangan, kuma haka manyan ɓarayin intanet suke yi a ko'ina cikin duniya. Ya ba ni misali da Babban Bankin Bangaladash. A watan Fabrairu na 2016 'yan kutse suka aika da umurnin ƙarya a fitar da kuɗin bankin da ke ajiye a birnin Niyok na Amurka. Sun aika ne daren Alhamis, saboda Juma'a ranar hutu ce a Bangaladash. Da ma'aikatan can suka farga, Asabar da Lahadi sun shigo, Niyok ta tafi nata hutun. Ranar Litinin kuma ƙasar Filifin, inda aka tura kuɗin, tana hutun sabuwar shekarar Sinawa. Kafin a samu mai ɗaga waya, dala miliyan 81 sun sulale.

Ya ƙara da wani. Ranar Juma'a 2 ga Yuli, 2021, ana shirin hutun bikin 'yancin kan Amurka, 'yan kutse suka bi ta manhajar wani kamfani mai suna Kaseya suka kulle kwamfutocin ɗaruruwan ƙananan kamfanoni, suna neman kuɗin fansa. Abin ya kai har ƙasar Suwidin, inda kantunan Coop kusan 800 suka rufe saboda na'urorin karɓar kuɗinsu sun daina aiki. Malam ya ce, "Ka gani? Lokaci biyu ɓarawo yake so: sa'ad da mai kaya yake cikin gaggawa ba ya karanta abin da ke gabansa, da sa'ad da ya rufe ya tafi hutu babu mai dubawa. Salla ta haɗa duka biyun."

Wannan magana ta zauna mini. Da Sha'aban na 2024 ya kama, ranar da mai walda ya zo duba ƙofa, na ce, "Kawu, akwai ƙofar da ba a duba ba." Na nuna aljihunsa. Ya yi shiru, can ya ce in zo da yayana ranar Lahadi da safe kafin kasuwa ta cika. Tun daga shekarar, wannan zama ya shiga cikin aikin Sha'aban na shagonmu. Ga abin da muke yi, ko wani zai amfana.

Na farko, muna ƙirga ƙofofin. Mukan ɗauki takarda mu rubuta kowace waya da kowane layi da kowane asusu da na'urar POS, da sunan duk wanda ya san lambar sirrinsu. A zaman farko mun sha mamaki. Wani yaro da ya bar shagon tun bara ya san lambar katin Kawu, domin shi ake aika ya ciro kuɗi. Tsohuwar wayar Kawu da ya ba ƙaramin ɗansa yana wasa da ita, manhajar banki tana ciki. Lambar sirrin kati da ta waya da ta POS kuwa duk ɗaya ce, shekarar haihuwarsa. Muka sake su duka, kowace da tata daban, babu shekarar haihuwa, babu 1234, babu ƙarshen lambar waya.

Na biyu, muna ƙara sakata a bayan kwaɗo. WhatsApp yana da tsarin tabbatarwa mai mataki biyu tun 2017, inda mai waya yake zaɓar wasu lambobi shida nasa na kansa. Da Kawu ya sa su, da ko na karanta wa ɓarawo saƙon nan ba zai iya shiga ba. Aikin bai kai minti biyu ba. Muna kuma duba wurin da yake nuna sauran na'urorin da aka haɗa da asusun, mu cire wadda ba mu sani ba. Shi ma layin waya muna sa masa lambar sirri, domin ɓarawon waya yakan zare layi ya sa a wata wayar ya nemi kuɗin banki ta hanyar danna lambobi. A kula, idan aka yi kuskuren wannan lamba sau uku layin yakan kulle, sai da wata lamba da ake kira PUK, saboda haka a adana katin da layin ya zo a jikinsa. Layin da banki yake turo wa saƙo kuma lallai ya kasance da sunan mai shago da lambarsa ta NIN aka yi masa rajista, don in ya ɓace a iya dawo da shi.

Na uku, muna sabunta waya da kwamfuta. Kawu yakan ture saƙon sabuntawa saboda yana cin data. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sabuntawar nan kuwa ita ce yaɓen tsagar. A watan Mayu na 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Masu shagon da ke da kwamfuta su sani cewa Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairu 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Muna kuma goge duk manhajar da ba a amfani da ita, ba ma sauke wadda aka turo a zaure ko da da sunan tallafi ko goron Salla ta zo.

Na huɗu, muna adana lissafi a wuri biyu. Masu bin shago bashi da waɗanda shago yake bi, duk muna da su a littafi a gida, muna da hotonsu a waya. Idan waya ta faɗa ruwa littafi yana nan, idan gobara ta ci littafi hoto yana nan.

Na biyar, muna sabunta dokokin ciniki, a faɗa wa kowa a gaban kowa, musamman yaran da ake ɗauka taimako a watan azumi. Doka ta ɗaya: kaya ba sa fita sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin a cikin asusu, ko da mai sayen limamin unguwa ne. Doka ta biyu: duk lambar da ta shigo waya, da lambar kati, da BVN, ba a karanta wa kowa, ko ya ce daga banki yake, domin banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Doka ta uku: idan wanda muke sari a wurinsa ya turo saƙo cewa ya sake asusu, sai an kira shi a lambar da muka sani an ji muryarsa. Mu ma mun rubuta lambar asusunmu a allo a shago, muna kuma tunatar da abokan ciniki kafin azumi cewa asusunmu ɗaya ne, wanda ya ga wani ya kira Alhaji.

Na shida shi ne shirin ko-ta-kwana. Kowane banki yana da lambar da ake kira da kuma lambobin da ake dannawa a rufe asusu ko daga wayar wani. Mun rubuta na bankin Kawu a takarda biyu, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a gida, domin wanda aka sace wa waya ba zai duba cikinta ba. Ranar jajibiri kuma Kawu yakan rage yawan kuɗin da za a iya fitarwa daga asusun a rana guda, ya kashe na'urar POS ya tafi da ita gida. Ko a kwanakin hutu, safe da yamma sai an leƙa asusu.

Don mu gwada ko karatun ya shiga, a bara yayana ya ari wayar abokinsa ya kira sabon yaron shago, ya sake murya ya ce daga banki ne, a karanto masa lamba. Yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, ka zo shago ka karɓa da kanka." Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ba shi kuɗin shan ruwa. Ni ban yi dariya sosai ba, don na tuna abin da na ce da nawa dattijon.

Aikin nan duka ba ya wuce safiya ɗaya, kuma kuɗin data kawai yake ci. Amma lokacinsa Sha'aban ne, ko farkon Zulƙida don Babbar Salla, ko Nuwamba ga maƙwabtanmu masu cinikin Kirsimeti. Wanda ya bari sai goman ƙarshe, shago ya cika, baki ya bushe da ƙishirwa, ba zai zauna sake lambar sirri ba, in ma ya sake zai manta da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya ku iyayenmu, da yawanku kuna da shago ko tebur ko sana'ar cikin gida, kuma kuɗinku yanzu a waya suke kwana. Kada ku ji nauyin kiran ɗanku ko 'yarku su zauna da ku a duba wayar nan sau biyu a shekara. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, kada iya danna waya ya ruɗe mu. Ni na iya karanta Turancin da ke ƙasan lambobin nan shida, na karanta shi kuwa, amma sauri da kunyar musa wa babba suka sa na miƙa. Girmama na gaba tarbiyya ce, sai dai ba ta hana ka ce, "Baba, a yi haƙuri sai mai wayar ya dawo."

A jajibirin bara ina tsaye Kawu ya rufe shago. Ya ja kwaɗo na ɗaya, ya ja na biyu, ya ja na uku. Sai ya zaro waya daga aljihu ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, ja mini wannan ma." Na duba na ce ta kama. Ya mayar da ita aljihu, muka kama hanyar gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mana dukiyar iyayenmu da mutuncinsu, ya kai mu Salla lafiya, amin.